Ƙofar da ba ta buɗuwa yau: yadda za ka shiga wasannin Metroidvania ba tare da ka jefar da hannun gem ba

Akwai irin gem ɗin da idan ka miƙa wa wanda ya saba da Mario ko ƙwallo, kafin rabin sa'a zai ajiye hannun ya ce maka abin nan ya lalace. Ya yi dama, ya tarar da tudun da tsallensa bai kai ba. Ya juya hagu, ga wata jar ƙofa, ya harbe ta har ya gaji ko gezau. Babu kibiyar da ke nuna masa hanya, babu rubutun da ya ce ya gama mataki na ɗaya. To lafiyar gem ɗin ƙalau, da gangan aka gina shi haka. Tudun nan da ƙofar nan an ajiye su ne a gabanka tun da wuri don ka gan su, ka kasa, ka wuce, su zauna maka a rai. Can gaba, wataƙila bayan sa'a uku, za ka samu takalmin da ke ninka tsalle ko makamin da ke fasa jan ƙarfe, sai ƙwaƙwalwarka ta ce: af, ai na san inda wannan zai yi aiki.

Sunan da za ka nema a Steam, kantin wasannin kwamfuta, ko a kantin PlayStation shi ne Metroidvania, daga wasanni biyun da suka kafa salon. Metroid na kamfanin Nintendo ya fito a Japan a 1986, amma na 1994, wato Super Metroid, shi ne ya daidaita tsarin: duniya guda ɗaya a haɗe, taswirar da ke cika kanta yayin da kake tafiya, ɗakunan adana wasa, da kayan aikin da kowannensu makami ne kuma mabuɗi. A 1997 Konami ta fitar da Castlevania: Symphony of the Night a PlayStation na farko, ta ɗauki wannan tsari ta ƙara masa takubba da sulke da ƙarin ƙarfi duk lokacin da ka kashe abokan gaba da yawa. Duk abin da ya biyo baya, jikokin waɗannan biyun ne.

Abin da nake so ka riƙe kafin mu shiga sunaye shi ne, a wannan salo saurin yatsa na biyu ne. Na farko shi ne iya ɓata hanya ba tare da ranka ya ɓaci ba, da tuna wuraren da suka gagare ka. Saboda haka ni ba na zaɓar wa sabon shiga gem don ya fi kowanne kyau. Ina duba yadda gem ɗin ke yi da mutum idan ya ɓata: yana ɗan kama masa hannu, ko kuwa yana barinsa a daji.

Da wanne za ka fara

In kana da PS4 ko PS5, ko Switch, ko Xbox, ko kwamfuta mai ɗan ƙarfi, fara da Prince of Persia: The Lost Crown, wanda reshen Ubisoft na birnin Montpellier a Faransa ya fitar a Janairun 2024. Jarumin sunansa Sargon, kuma kusan duk wasan a kan Dutsen Ƙaf ake yin sa, dutsen nan dai da muke ji a tsofaffin labaran malamai, wanda aka ce ya kewaye duniya. A nan sun mai da shi birnin Farisa da aka la'anta, inda lokaci ya rikice. Akwai wurin da za ka iske teku ya daskare tsakiyar guguwa, jiragen ruwa a tsaye cikin yaƙi, kana tafiya a kan igiyar ruwan da ba ta faɗo ba. Amma ba don kyan gani na sa shi a gaba ba. Sun kawo wata dabara da ta warware babbar matsalar sabon shiga: duk inda ka ga akwatin da ba ka iya kaiwa, ko ramin da ya fi ƙarfin tsallenka, sai ka danna maɓalli, gem ɗin ya ɗauki hoton wurin ya manna shi a kan taswira. Ranar da ka samu sabon iko, buɗe taswirar kawai za ka yi ka duba hotunan, ka ga wanne ne yanzu ya zama naka. Tun a farko kuma za a tambaye ka ko kana son a riƙa nuna maka inda za ka dosa ko a bar ka ka nema. Zaɓi a nuna maka, babu abin kunya, kana iya sauyawa daga baya. Haka ƙarfin abokan gaba da faɗin lokacin kare sara, duk ana iya rage su ko ƙara su ɗaya bayan ɗaya.

Na biyu a wurina Ori ne, na kamfanin Moon Studios. Guda biyu ne: Ori and the Blind Forest na 2015 da Ori and the Will of the Wisps na 2020. Suna Xbox da kwamfuta da Switch, babu su a PlayStation. Mutane na ganin ɗan farin halittar nan mai manyan kunnuwa da dajin da aka zana kamar da buroshi su ɗauka wasan yara ne. Na farkon ba ya wasa ko kaɗan. A cikinsa kai ne ke kafa wa kanka wurin adanawa da ƙarfin da ka tara, in ka manta ka mutu, sai ka koma can baya inda ka kafa na ƙarshe. Sannan akwai gudun tsira daga cikin bishiyar Ginso, ruwa na tasowa daga ƙasa yana bin ka, kuskure ɗaya ka koma farkon gudun. Wurin nan ya kori mutane da yawa. Shi ya sa nake cewa ka fara da na 2020, wanda ke adana maka wasa da kansa a kai a kai, faɗansa ya fi daɗi, kuma labarin ba ya buƙatar sai ka san na baya sosai. In kuma na farkon ne ya zo hannunka, nemi bugun Definitive Edition na 2016, shi ne ke da matakin sauƙi da damar tsallakawa daga rijiya zuwa rijiya. A duka biyun akwai wani motsi da ake kira Bash: maƙiyi ya harbo maka abu, ka cafke shi a iska, lokaci ya tsaya cak, ka zaɓi inda za ka cilla kanka, harsashin kuma ya tafi ɗaya ɓangaren. Da zarar hannunka ya faɗa da shi, ƙafarka za ta daina son taɓa ƙasa.

Mai tsohuwar laftof kuwa, ko wanda ba ya son dogon abu, SteamWorld Dig 2 na 2017 ya ishe shi. 'Yan Suwidin ne suka yi shi. Wata mutum-mutumi ce mai suna Dorothy take haƙa ƙasa, ta kwaso ma'adinai, ta hau gari ta sayar, ta gyara diga da fitila, ta koma ta ƙara nutsawa. Da yake kai ke haƙa ramin da hannunka, da wuya ka manta hanya. Cikin sa'o'i goma ko ƙasa da haka an gama. Guacamelee na 2013 shi ma mai sauƙin kai ne: ɗan kokawar Meziko, barkwanci, kuma kowane shinge an shafa masa launin dukan da ke fasa shi, ja da ja, kore da kore, har a taswira.

To wanda waya kaɗai gare shi fa? Shi ma yana da rabo, kuma na san mafi yawanmu a nan muke. Swordigo tsoho ne, tun 2012, ba ya cin wuri, kusan kowace Android tana ɗaukarsa, kuma yana koyar da ainihin darasin: samu sabon sihiri, koma baya, buɗe abin da ka bari. Symphony of the Night kansa ya shigo Android da iPhone a 2020 a farashi mai sauƙi. The Lost Crown ya biyo a 2025, sai dai yana son waya mai ƙwari. Akwai kuma Dandara na wasu 'yan Barazil, wanda tun asali da tunanin allon taɓawa aka yi shi, domin jarumar ba ta tafiya, tsalle take daga bango zuwa rufi. Shawara ɗaya a nan: in da hali sayi hannun gem mai Bluetooth, ko na hannu ne. Maɓallan da aka zana a kan gilashi ba su da tudun da yatsa zai ji, kuma babban yatsanka na rufe rabin abin da ke zuwa ya kashe ka. Sannan ka sani Hollow Knight bai fito a waya a hukumance ba. Fayilolin da ake turawa a guruf-guruf da sunansa, wasu ne suka ƙera su, ba ka san me aka cusa a ciki ba, kuma wayar nan ita ce mai manhajar bankinka.

Hollow Knight, wanda na fi so, kuma wanda ba na ba wa baƙo a ranar farko

Wasu 'yan tsirarun mutane ne a birnin Adelaide na Ostareliya, masu kiran kansu Team Cherry, suka nemi tallafin jama'a a Kickstarter a 2014, suka fitar da shi a Fabrairun 2017. Dala 15 ake sayar da shi, kuma yakan faɗi ƙasa da haka lokacin rangwamen Steam na ƙarshen Yuni da na ƙarshen Disamba. Ba ya wahalar da kwamfuta, RAM mai gigabait 4 na iya tayar da shi. Kai ɗan ƙaramin ƙwaro ne mai riƙe da ƙusa a matsayin takobi, ka sauko wani ƙauye da ya kusa zama kufai, Dirtmouth, ka faɗa rijiya, a ƙarƙashinta kuma akwai rusasshiyar masarauta mai suna Hallownest.

Abin da ya sa na ce kada ya zama na farkonka shi ne yadda yake yi da taswira. Idan ka shiga sabon yanki, ba ka da taswirarsa sam. Sai ka nemo wani ƙwaro mai dogon hanci da tabarau, Cornifer, yana zaune a wani lungu yana zane. Alamarsa biyu: takardun da ya zubar a ƙasa, da ɗan ƙunƙunin waƙar da yake yi, wanda za ka jiyo tun kafin ka gan shi. Saboda haka kada ka buga wasan nan da sauti a kashe. Ka saya a wurinsa, sai ka ga taswirar ma rabi ce. Don ta riƙa cika, sai ka hau Dirtmouth wurin matarsa Iselda ka sayi alƙalami a kan geo 120, geo shi ne kuɗinsu. Ko da alƙalamin, ba a zana sabbin ɗakunan da ka ratsa sai ka zauna a benci, wato wurin hutawa da adana wasa. Kuma har yanzu taswirar ba za ta nuna maka inda kake tsaye ba, sai ka sayi kamfas a kan geo 220 ka ɗaura shi, ya cinye maka gurbi ɗaya cikin 'yan guraben layun da kake da su. Waɗannan biyun su ne sayayyarka ta farko, kafin komai. Za ka ji ƙwararru na cewa su ba sa ɗaura kamfas. Ƙyale su, sun haddace masarautar ne.

Da farko za ka ce wannan mugunta ce. Amma abin da take haifarwa shi ne kana kallon wurin da idonka maimakon kallon ɗigo a kusurwar allo. Kamar baƙon da ya sauka a cikin birnin Kano ba mai rakiya: satin farko kowane lungu iri ɗaya ne, daga baya sai ya fara cewa a nan ne mai ƙosai take, bayan wancan soron akwai hanyar da ke ɓullawa titi, har ya wayi gari yana yanke da ƙafa inda mai mota ke zagaye. Ranar da ka buɗe wata ƙofa daga ciki ka ga ashe ta faɗo kusa da bencin da ka bari tun ɗazu, a ranar za ka gane abin da ake so a wannan salo.

Ga yadda sa'o'in farko suke, don kada ka yi ta bulayi. A yankin farko, Forgotten Crossroads, akwai wani ƙwaro mai sulke da ya toshe hanyar hagu, yana dunƙulewa duk lokacin da ka matso. Ƙusarka ba ta yi masa komai, bar shi. Nemi bos na farko, wato babban maƙiyi, False Knight, mai ƙaton gudumar nan. Bayan ka kayar da shi za ka isa wurin wani bokan dodon koɗi da zai ba ka sihirin harbi daga nesa. Da shi za ka kashe mai sulken, ka shiga koren yankin Greenpath, inda Hornet mai jan mayafi da allura za ta koya maka hankali. Ita ce jarrabawar gaskiya ta farko. In ka ci ta, ka samu mayafin zabura. Daga nan sai yankin naman kaza, inda ake samun farcen hawa bango a ƙauyen ƙoƙi-ƙoƙi. Bayan wannan wasan ya sake ka, hanyoyi sun rabu, kowa da tasa. Abu ɗaya zan ce: in ka faɗa wani wuri mai duhu inda ƙasa ke motsi da ƙafafu, ana jin ƙaraf-ƙaraf ta ko'ina, Deepnest ke nan, nemi hanyar fita ka dawo daga baya da fitila. Geo 1800 ce a shagon wani ƙwaro mai suna Sly a Dirtmouth, kuma ta ci kuɗinta.

Mutuwa a nan tana da tsada. Duk geo ɗinka na zama a wurin da ka faɗi, tare da wata baƙar inuwarka, sai ka koma ka kashe ta kafin ka karɓa. In ka sake mutuwa a hanya, sun tafi ke nan. Maganin abin mai sauƙi ne: kada ka yi yawo da dukiya. Ka tara, ka hau gari, ka kashe. Jini kuma ba a sayen maganinsa. Duk sara ɗaya da ka yi wa maƙiyi yana tara maka wani farin ruwa, sara uku sun isa cike gurbin rai ɗaya, amma sai ka tsaya cak na ɗan lokaci kafin ya shiga. Rabin faɗa da kowane bos shi ne gano lokacin da za ka iya tsayawar nan. Sannan ka koyi sara ƙasa kana sama: in ka sari ƙaya ko kan maƙiyi daga bisa, ƙusar na cilla ka sama. Wasan bai taɓa faɗa maka wannan ba, alhali akwai wuraren da sai da shi.

Ci gabansa, Silksong, ya fito ranar 4 ga Satumban 2025 bayan shekaru ana jira, Hornet ce jarumar. Ya fi na farkon zafi tun daga ƙofa, abubuwa da yawa a cikinsa rai biyu suke cirewa a bugu ɗaya. Kada ka fara da shi ko da abokanka sun cika ka da labarinsa.

Halayen da za su hana ka yin zuciya

Ka riƙa ajiye alama. Yawancin wasannin zamani suna ba ka 'yan alamomin mannawa a taswira, amma ni na fi yarda da takarda da biro a gefe, ko hoton allo a waya. Rubutun ba sai ya yi tsawo ba: "ramin ƙaya, hagun benci na biyu, yana son dogon tsalle." Ƙwaƙwalwa na yaudarar mutum, musamman in ka yi sati ba ka kunna ba saboda aiki ko rashin wuta.

Duk lokacin da ka samu sabon iko, kafin ka ci gaba, tsaya ka tambayi kanka wurare nawa ka gani da wannan zai buɗe. Masu ƙera wasannin nan suna da wata al'ada: ɗakin da aka ba ka sabon abu, yawanci ba ka fita daga cikinsa sai ka yi amfani da abin. Darasi ne ba da baki ba. Lura da siffar abin da ya tare ka a ɗakin, domin irinsa ne za ka nema a sauran duniya. Komawa baya kuma a nan ne ake samun ƙarin rai da ƙarin harsashi, waɗanda ke sa bos na gaba ya zama mai yiwuwa.

In ka rasa inda za ka, buɗe taswira ka nemi ɗakin da bangonsa bai rufe ba, inda layin ya yanke ko aka bar ɗan giɓi. Kusan kullum amsar na can. In duk sun rufe, to akwai bangon ƙarya. Ɗakin da ka shiga ka tarar babu komai a ciki, ka zarge shi, ba a gina ɗaki a banza. Sari bangon, harbi ƙasa, saurari ko ƙarar ta bambanta.

Bos kuma, shigarka ta farko da ta biyu ba don ka ci ba ne. Shiga ka yi ta kaucewa kawai, kana ƙirga irin harin da yake da su. Yawancinsu ba su wuce huɗu ko biyar ba, kuma kowanne yana da sanarwa: ɗaga kafaɗa, ja da baya, wani ƙara. In ka gane sanarwar, ka nemi hari ɗaya da bayansa yake barin kansa a buɗe, ka riƙa sara ɗaya ko biyu a nan kana ja da baya. Kwaɗayin sara na uku shi ke kashe mutane. Idan kuma ya ƙi ciwuwa har ranka ya fara ɓaci, tafi wani wurin. Wannan ita ce falalar salon a kan irin su Mario: akwai wata hanyar da ba ka bi ba, kuma sau da yawa za ka dawo da abin da zai sauƙaƙa faɗan.

Game da YouTube, ga ƙa'idata. Ka ba kanka kamar rabin sa'a kana nema da gaske. In bai yiwu ba, nemi amsar wannan tambayar kaɗai, a rubuce in da hali, ka rufe. Bidiyon da ke bin wasan daga farko zuwa ƙarshe zai cinye maka data, ya kuma cinye abin da ka biya kuɗi dominsa, tunda gano hanya da kanka shi ne hajar.

Sai maganar wuta. Mai wasa a PS4 ko kwamfutar tebur ba tare da inbata ba, kada ya wuce wurin adanawa bai taɓa shi ba, ko da yanzu ya baro wani. Tsofaffin wasannin ba sa adana komai da kansu. Kuma wannan ba gem ɗin gidan gem ba ne inda ake biyan kuɗin wasa ɗaya a tashi. Yana son na'urar da za ka dawo gobe ka tarar da ajiyarka yadda ka bar ta.

Kakannin biyu

Bayan ka gama ɗaya ko biyu na zamani, koma ka ga tushen. Super Metroid na cikin tsofaffin wasannin da masu rajistar Nintendo Switch Online ke samu, har da damar mayar da lokaci baya in ka yi kuskure. Shekara 30 da ɗoriya, amma har yau ban ga wanda ya fi shi iya koyarwa da shiru ba. Samus, jarumar wasan, ta sauka a duniyar Zebes cikin ruwan sama, babu kiɗan kirki, babu maƙiyi ko ɗaya, sai ka nutsa ka ɗauko ikon dunƙulewa kamar ƙwallo, sannan duniyar ta farka. Launin ƙofa ke gaya maka mabuɗinta: shuɗiya kowane harbi, ja roka biyar, koriya babbar roka, rawaya babban bam. Akwai ramin da za ka faɗa ka ga wasu 'yan dabbobi uku suna tsalle daga bango zuwa bango suna tsayawa suna kallonka. Nuna maka suke yi cewa kai ma ka iya, tun farkon wasan ka iya, ba a dai faɗa maka ba. Gargaɗi ɗaya: akwai maɓallin gudu. Wata gada a yankin Brinstar tana rugujewa a ƙarƙashin mai tafiya a hankali, kuma ta tsayar da dubban mutanen da ba su san da maɓallin ba.

Symphony of the Night ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin in wuri ya gagare ka kana iya yin ta kisa har ƙarfinka ya ƙaru. Kana shiga fadar Dracula a matsayin ɗansa Alucard da kaya masu ƙarfi, Mutuwa ta tare ka a zaure ta kwashe su tas, ka fara da hannu. Daga baya ka koyi rikiɗa zuwa kyarkeci, hazo, da jemage, kowanne da ƙofofin da yake buɗewa. Ba zan ɓata maka ba, amma in ka hau can ƙololuwa ka kashe mutumin da ka tarar, aka nuna maka sunayen masu wasan, to rabin gem ɗin ka gani. Nemi zobba biyu, na zinariya da na azurfa, ka sa su ka je ɗakin babban agogo. Cikakkiyar taswirar wasan kashi 200.6 ce cikin ɗari, ka ga ke nan akwai magana.

Saura a taƙaice. Metroid Dread na 2021, a Switch kaɗai, yana da santsin motsi fiye da kowanne a gidansu, da wasu mutum-mutumi da ke farautarka waɗanda makamanka na yau da kullum ba sa kashe su sai gudu, kuma an ƙara masa matakin sabon shiga bayan fitowarsa. Bloodstained na 2019 aikin Koji Igarashi ne, ɗaya daga cikin manyan da suka yi Symphony, kuma kusan shi ne da sabuwar riga. Animal Well na 2024 mutum ɗaya ne ya yi shi, Billy Basso, girmansa bai kai megabait 50 ba, babu takobi a ciki sai kayan wasan yara irin su yoyo da sandar kumfa, ga wanda ya fi son wasa ƙwaƙwalwa. Tales of Kenzera: Zau na 2024 kuwa Abubakar Salim ne ya jagorance shi, ɗan wasan kwaikwayo na Ingila mai tushe a Kenya, ya gina shi a kan rasuwar mahaifinsa, ana iya sa muryoyin su koma Swahili. Hanyarsa a miƙe take, bincikensa kaɗan ne, don haka mai neman ɓata ba zai ƙoshi ba, amma sabon shiga zai ji daɗinsa.

Biyu da za ka gani a jerin sunaye ka yi hattara da su. Dead Cells wasa ne mai kyau kuma yana waya, sai dai duk mutuwa tana mai da kai farko ta sake zana ɗakunan, don haka babu wurin da za ka haddace, wani abu ne daban. Blasphemous na 'yan Sifen kuma cike yake da jini da siffofin azaba da aka ɗauko daga al'adun cocin Katolika na yankin Andalus. In akwai yara a ɗakin da kake wasa, ko kai kanka irin wannan na damunka, tsallake shi ka ɗauki Ori.